Kalangun da Ya Makara

Baffa ya rasu da hantsi a wani asibiti da ke kan hanyar Sharja, kafin azahar kuma labarin ya gama zaga shagunan kargo na unguwar Deira a nan Dubai. Ni na yi ta kiran mutane, don ni kaɗai ne jininsa a ƙasar nan, ɗan ƙaninsa. Shi ya sa na ji abin da kowa ya fara faɗa kafin ya tuna ya gyara murya. Wani dattijo ɗan Damagaram, wanda suka daɗe suna raba kwantena da Baffa, ya yi salati, sannan ya tambaye ni wa ke riƙe da mukullin shago. Masu dakon kaya 'yan Pakistan suka yi wa Baffa addu'a, ɗaya daga cikinsu ya ƙara da cewa yau dai za su ci abincin rana a zaune. Goggo, ƙanwarsa da ke gida, ta ce in ajiye waya za ta kira ni, ba ta kira ba ranar.

A garinmu da an binne shi kafin la'asar. A nan kuwa gawa ma sai ta bi layi: takardar asibiti, ta 'yan sanda, ta soke biza. Baffa na can kwance cikin sanyi, mu muna falon gidansa na Al Nahda muna karɓar gaisuwa, wato an yi zaman makoki kafin jana'iza. Jama'a sun zo, ba zan ɓoye ba, amma rabinsu sun zo ne su tabbatar. Mutum zai durƙusa ya ce ya haƙuri, idonsa na kan kujerar Baffa kamar yana tsoron a daka masa tsawa daga can. Mutum ɗaya na ga ya yi kuka na gaskiya, maƙwabcinmu Kirista ɗan Kafanchan, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda kowa ke kira Injiniya. Shi ma da na raka shi ƙofa cewa ya yi bai san dalilin kukan ba, tunda mamacin bai taɓa yi masa magana mai daɗi ba.

Muna cikin zaman aka ƙwanƙwasa ƙofa, sai ga ɗan aike da wani uban dami na fararen furanni. Daga Birazil aka biya aka ce a kawo. Dattawa suka bi furannin da ido, babu wanda ya san abin da ake yi da su a gidan mutuwa. Ɗan Damagaram ya ce, «Bon, to, 'yan rawarsa sun aiko da gaisuwa,» aka yi dariyar da ba a so ta fito ba. Ni na kai su banɗaki na tsoma a bokiti, a nan suka bushe.

A can ƙasar, an ce mini, gidajen rediyo sun sa kiɗansa ranar, kuma akwai masu rubutu a kansa cikin yaren da ba na ji. Su sun san hannunsa, ba su san shi ba. Ni na ci abincinsa, na sha zaginsa, na wanke gawarsa, don haka na ga ya kamata a samu ko da labarinsa guda ɗaya da aka rubuta da Hausa.

Wanda ya san Baffa a Dubai ya san Alhaji ne mai kargo, dogo, siriri, farar jallabiya, carbi a hannun hagu. Ba ya gaisuwa mai tsawo. Idan ka ce masa ina kwana sai ya ce, «Me ya kawo ka?» Idan ka kawo kuka a kan kayanka da suka ɓata a hanya sai ya ce wa ya aike ka fatauci. Ya tsani kiɗa ƙiri-ƙiri. Ya sha sauka daga tasi a tsakiyar hanya don direba ya ƙi kashe rediyo, kuma wayar yaron shago da ta yi ƙara da waƙa sau ɗaya ta kwana cikin aljihun tebur. Amma akwai abin da na lura da shi tun zuwana: ba ya buɗe kwali don ya duba kaya. Yatsu biyu yake sa wa ya ɗan buga gefen, ya karkata kai, ya ce wannan akwai iska a ciki, a sake ɗaurewa. Ban taɓa ganin an buɗe an same shi da kuskure ba.

Alherinsa ma da ƙaya yake zuwa. Duk Juma'a bayan masallaci ana tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka a gidansa, da kukar da daddawar duk daga gida ake kawo masa, kuma ƙofar a buɗe take ga duk Bahaushen da bizarsa ta mutu ko aiki ya kuɓuce masa. Sai dai Baffa ba ya ci tare da kowa. Yana zaune a kujerarsa yana kallon lomar mutane, yana gaya wa kowa laifinsa: kai ka sayar da gonar ubanka ka zo wankin banɗakin Larabawa, kai kuma matarka na can tana bara da sunanka. Idan mutum ya tsaya lasar hannu sai ya ce, «Ci ka tashi, yalla, ba gidanku ba ne.» Na ga manyan maza suna haɗiyar tuwo da hawaye, kuma Juma'a mai zuwa su dawo, don yunwa ba ta da zuciya irin tasu.

Lokacin da Injiniya ya faɗo daga tsani ya karye a ƙugu, kamfaninsa ya yi kamar bai san shi ba. Baffa ne ya sa aka ɗauko shi aka shimfiɗa masa katifa a falonmu, ya yi jinyarsa har ya miƙe. Da hannunsa yake kai masa ruwan wanka. Kullum kuma sai ya gaya masa cewa jaki ma ya fi shi iya hawa tsani. Da Injiniya ya warke ya zo godiya da kwalin dabino, Baffa ya karɓa ya miƙa wa mai gadi a gabansa.

Abin da babu wanda ya sani a Deira a wancan lokacin shi ne gidanmu gidan makaɗa ne. Kakanninmu ke yi wa mahautan garinmu kalangu, a ƙasar Kazaure, kuma a gidan kiɗa bibbiyu ake fita: babba ya riƙe babban kalangu ya ja kiɗa, ƙarami ya riƙe ƙarami ya karɓa. Baffa ne mai ja, mahaifina mai karɓa. Ina cikin mahaifiyata aka kwashe su cikin wata tawagar makaɗa da 'yan rawa da gwamnati ta tura Birazil wasan al'adu. Tawagar ta dawo, mahaifina bai dawo ba. Abin da Baffa ya gaya wa gida shi ne ƙaninsa ya bi duniya, kada a sake ambatarsa. Shi kansa daga ranar bai ƙara taɓa kalangu ba, ya shiga fatauci, ya je Makka, ya ƙare a Dubai. Mahaifina bai bar hoto ba, bai bar murya ba. Inna, mahaifiyata, ba ta sake aure ba, kuma duk abin da na sani game da shi bai wuce abin da take faɗa idan tana tsefe kai ba, cewa yana da dogayen yatsu irin nawa.

Shekarar da aka buɗe jirgin metro Baffa ya aiko mini da biza. Bai sa ni a shagonsa ba, ya ce jinin wancan ba ya riƙe amana. Haka yake kiran mahaifina, wancan, ni kuma ɗan wancan. Ya samo mini aikin goge tabarmin roba a wani gidan motsa jiki a Al Karama, inda wani ɗan Birazil ke koyar da irin kokawarsu ta ƙasa. Koci muke ce masa. Gajere ne mai murɗaɗɗen kunne, mai yawan dariya, kuma ba ya fara aiki sai ya kunna wani tsohon faifai na kiɗan rok na ƙasarsu.

Ranar da na fara jin faifan ina durƙushe da tsumma a hannu. Jita na ta kururuwa, wani na ihu da yarensu, ban ma sa kunne ba. Can a tsakiyar waƙa ta uku sai komai ya lafa, sai ga kalangu. Ba wani abu mai kama da kalangu ba, kalangu dai, kuma taken mahautan garinmu ne, wanda Goggo ke yi da baki idan tana daka. Babba na ja, ƙarami na karɓa. Na kasa tashi. Ruwan bokiti ya malale kan tabarma har wani Balarabe ya zame, ya yi ta faɗa, ban ji me yake cewa ba.

Da ɗan Turancinmu na kame-kame Koci ya ba ni labarin faifan. Wasu samari huɗu masu dogon gashi suka yi shi a Rio, a daidai lokacin da sojoji ke shirin sauka daga mulki, kuma a cewarsa babu gidan da ba a ji shi ba. Da shi matasa suka cika tituna, da shi aka yi bikin iyayensa. Ya ce jitar kowa na iya yi, abin da ya sa faifan ya fita daban shi ne wannan wurin na gangunan Afirka, musamman ƙaramar, wadda kullum take shigowa a makare, ɗan kaɗan bayan inda kunne ke jiranta. Sun ma sa wa abin suna a yarensu, wani abu kamar ɗingishi. Makaɗan rok na ƙasar sun yi shekaru suna kwaikwayon wannan lattin, ana koyar da shi a makarantun kiɗa, kuma har yau babu wanda ya san su wane ne suka buga. Ya nuna mini hoton bangon faifan a wayarsa. A ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta makaɗa biyu daga Afirka, ba suna.

Na kai wa Baffa da yamma, yana shan shayi. Na ajiye wayar kan tebur na kunna daga wurin kalangun. Kofin ya tsaya a hanyarsa ta zuwa baki. Ya saurara har ƙarshe, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani kiɗa ba, sannan ya ce in kashe. Na tambaye shi ko shi da mahaifina ne. Ya kurɓi shayinsa ya ce, «Ka ji wancan mai shigowa a makare, mai ɓata wa mutane kiɗa? To ubanka ke nan. Haka yake a komai.»

Zagi ya yi niyya, ni kuwa kyauta na karɓa. Ban taɓa samun abin da ya kai wannan ba a rayuwata. Ina da uba da ke motsi. Na yanke wurin na ajiye a waya, ina ji a metro, ina ji a layin bas na Al Nahda, har na san kowane bugu, na san inda yake matse tsarkiya da hammata muryar kalangun ta hau, na san inda yake ɗan jinkirtawa kamar mai tunani. Na riƙa ce wa kaina mutum ne mai haƙuri, wanda ba ya gaggawa, na gina masa hali kaf daga wannan lattin. Na tura wa Inna ta hannun wani mai zuwa gida, aka sa mata a wayarta. Baffa ya ga duk wannan. Sabon suna ma ya raɗa mini, ɗan mai latti, yana kirana da shi a gaban masu cin tuwo, ni kuma ina amsawa da jin daɗi, abin da ke ƙara ba shi haushi.

Na daɗe ban gaya wa Koci su wane ne makaɗan ba. Da na gaya masa sai da ya zauna a ƙasa. Ya yi ta roƙona in kai shi wurin Baffa, har na gaji na kai shi wata ranar Asabar, ba tare da na nemi izini ba. Na ɗauka Baffa zai kore mu. Koci na shiga ya zube gwiwa biyu ya kama hannun Baffa ya ɗora a goshinsa, yana magana yana kuka. Sai na ji Baffa ya amsa masa da harshen Fotugal, a gurguje, yana lalubo kalmomi kamar mai neman abu a tsohon buhu. Suka daɗe. Na ga Koci na kwatanta ɗingishin da hannu a cinyarsa, yana nuna sama, yana nuna ƙirji. Na ga fuskar Baffa ta canza, ta yi wani irin haske da ban san ta da shi ba. Har hoto ya yarda aka yi, mutumin da ke cewa hoto aikin marasa aikin yi ne.

A cikin lif Koci ya rungume ni ya ce yau ya taɓa hannun da ya yi ɗingishi. Na ce a'a, wannan mai babban kalangun ne, ƙaramin na mahaifina ne. Ya dube ni da mamaki. Ya ce ai tsohon da bakinsa ya ce masa ƙaramin ma shi ne.

Ban jira lif ya koma sama ba, da ƙafa na hau. Na sami Baffa yana kallon tafin hannunsa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce lokacin da abin yake kuskure na ubana ne, yau da ya ji ana koyar da shi a makaranta ya zama nasa. Na ce ya raba mutum da gidansa, ya hana a ambaci sunansa, yanzu ɗan abin da ya rage ma zai sace. Bai musa ba, bai kuma yi bayani ba. Ya ce in kwashe kayana kafin magariba, kuma in bar masa bargonsa. Na koma wani ɗaki a Al Karama da muke kwana kan gadaje masu hawa-hawa, ni da 'yan Nepal.

Koci ya sa hoton a intanet, 'yan ƙasarsu suka yi ca a kai, jaridunsu suka ɗauka, kuma ba a jima ba abin ya zagayo Deira. Nan jama'armu suka nuna nasu halin. Mutanen da suka yi shekaru suna haɗiyar zaginsa da tuwonsa suka gano cewa Alhaji ashe makaɗi ne, ɗan makaɗa, mai bin mahauta. Idan ya wuce sai wani ya ɗan buga kwali da yatsa. Aka daina tura shi gaba idan liman bai zo ba. Ɗan Damagaram ya fara kiransa Sarkin Kiɗa, wai wasa. Wani yaro da Baffa ya taɓa fitarwa daga hannun 'yan sanda ya liƙa masa dirhami a goshi a bakin masallaci, ya ce a ɗan taɓa mana. An ce Baffa ya bar kuɗin ya faɗi, ya wuce. Tuwon Juma'a bai fasa ba, zagin ne ya ragu, kuma masu ci suka ce abincin ya daina daɗi. Ni ina jin labarin daga nesa, kuma gaskiya ban ji tausayinsa ba.

Injiniya ne ya zo har wurin aiki ya gaya mini ƙodar Baffa ta gaza, an kwantar da shi. Na je da la'asar. Ya rame har ya koma kamar sandar rake, amma idon na nan yadda na san shi. Bai amsa sallamata ba. Ya ce in ja kujera, akwai abin da ba ya so ya tafi da shi. Na ce a raina yau Baffa zai nemi gafara, har na fara shirya yadda zan ce na yafe.

Ya ce samarin nan masu faifan sun gan su ne, shi da mahaifina, a wurin wasa suka roƙi shugaban tawaga ya ba da aron su na yini guda. Aka kai su situdiyo, wani ɗaki mai bango kamar katifa, da gilashi a tsakiya. A can ba a kiɗa tare. Kowa shi kaɗai ake sa shi, a ɗora masa abin ji a kunne, a ɗauki nasa, sannan a haɗa. Baffa ya fara shiga ya ja kiɗansa, aka ce ya yi. Sai mahaifina ya shiga, ba ya ganin kafaɗar yayansa, ba ya ganin idonsa, sai sauti kawai a kunne, ya karɓa. Da aka sake kunnawa samarin suka yi tsalle suka faɗa ɗakin, suka ɗaga mahaifina sama, suna sumbatar hannunsa. Babu wanda ya waiwayi Baffa. A gidanmu kuwa yabo na mai ja ne, ko kyauta aka yi wa mai karɓa sai ya miƙa wa babba.

Ya ce sai ya gaya wa tafinta cewa ƙaninsa ya ɓata taken, kuma shi ne babba, bai yarda a fita da shi haka ba. Ko dai a goge ya sake bugawa da kansa, ko a goge duka su tafi. Samarin suka yi ta magiya, tafinta ya ce musu a al'adarsu maganar babba ita ce magana. Zaren ɗaukar sautin ba shi da sauran wuri, duk abin da aka ɗora a kai sai ya cinye na ƙasa. Baffa ya karɓi ƙaramin kalangu daga hannun mahaifina ya shiga. Mahaifina na tsaye a bayan gilashi yana kallo.

«Ban taɓa karɓa ba a rayuwata,» in ji shi. «Tun ina yaro ni ake bi. Na sa abin a kunne, ina jin kaina ina ja, na rasa ta inda ake shiga. Duk bugun da na yi sai ya zo a baya. Lokacinsu ya ƙare, suka ce halas, a bar shi haka.»

Da ya fito, mahaifina ya ajiye sandar kiɗansa a ƙasa a gabansa, ya buɗe ƙofa ya fita titi, ko takalmi bai tsaya ɗaurewa ba. Ganin ƙarshe ke nan. An neme shi har ranar tashi, ba a same shi ba.

Na ce ƙarya yake yi. Na ce bangon faifan ya ce makaɗa biyu. Ya ce bango ai takarda ce. Na tambaye shi, to me ya sa ya bar ni shekara da shekaru ina jin hannunsa ina kiransa uba? Ya ce da farko kunya ce, wa zai so a ce shi ya yi wannan ɓarnar, daga baya kuma abin dariya yake ba shi. Sai na yi tambayar da ta rage, me ya sa yanzu. Ina jira ya ce tsoron Allah. Ya juyo da kansa kan matashi ya dube ni sosai.

«Don kada in mutu a ce nasa ne. Ko kuskuren ma nawa ne. Ba shi da komai a ciki.»

Daga nan ya ce in miƙo masa ruwa, na miƙa masa. Ya ce ya yi ɗumi, haka nake a komai. Washegari ya daina magana, bai kuma sake ba har ya cika.

Na riƙe ɗan zaton cewa wannan ma mugunta ce kawai, ƙarya ta ƙarshe don ya ƙona ni. Da Goggo ta kira daga baya, bayan mun gaisa mun yi wa juna ta'aziyya, na tambaye ta yadda mahaifina yake karɓar kiɗa. Ta ce idan suna yi, makaho zai rantse mutum ɗaya ne mai hannu huɗu, bai taɓa makara ba ko yana zazzaɓi. Sannan ta ce tun ranar da Inna ta kunna mata abin nan ta san ba hannunsa ba ne, ta dai ga yadda matar ta riƙe wayar ne ta kasa magana.

Da takardu suka kammala, ni da Injiniya muka je karɓo gawar, shi ya tsaya a waje, ni na shiga wanka tare da wani malami ɗan Sudan. Na wanke shi yadda aka koya mini, dama kafin hagu, ban gaggauta ba, ban kuma tauye masa komai ba. Aka binne shi a maƙabartar baƙi da ke bayan gari, cikin yashi mai zafi, a jere da mutanen da bai sani ba. Koci ya zo da baƙaƙen kaya ya tsaya daga nesa. Masu cin tuwo sun zo su ma, suka yi sahu, kuma a hanyar dawowa cikin bas har an fara gardamar wanda zai ci gaba da tuƙin Juma'a.

Wannan shi ne Baffa kamar yadda na san shi. Ya ciyar da mayunwata, ya yi jinyar wanda ba addininsu ɗaya ba, ya fitar da ni daga ƙauye, kuma da taurin kansa ya ba wata ƙasa kiɗan da take alfahari da shi. Ya kuma shafe ƙaninsa daga doron ƙasa sau biyu, sau ɗaya a Rio, sau ɗaya a kunnena. Ban san yadda ake auna irin wannan ba, kuma na gode Allah da ba ni aka ba ma'aunin ba.

Ranar addu'ar bakwai Inna ta sa aka kira mata ni. Muryarta ta tsufa ƙwarai. Ta yi mini gaisuwa, ta tambaya ko an sa shi a makwancinsa da kyau, na ce an sa shi. A bayanta ina jin kaji, ina jin turmi, can ƙasa-ƙasa kuma ina jin ƙaramin kalangun nan yana shigowa a makare, don an ce ba ta yini ba tare da ta kunna ba. Ta ce ta daɗe tana riƙe da Baffa a zuciya, amma yanzu ta sauke.

«Duk abin da ya yi, shi ya nuna mana hannun ubanka,» in ji ta. «Ba don shi ba da na mutu ban sake ji ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa. Ka ce amin mana.»

Na ce amin.